Gidan Nomura da lambunsa a Kanazawa: tambayoyin da ake yawan yi kafin a je

Duk wanda ya ce zai je Japan, Tokyo ce ke zuwa masa a rai, sai kuma Kyoto in ya ɗan yi bincike. Amma akwai wani tsohon gida a garin Kanazawa da nake ganin ya cancanci mutum ya ware masa rana, ga tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi a kansa.

Wai wane gida ne wannan, a ina yake?

Gidan iyalan Nomura ne, Japanawa na ce masa Nomura-ke. Yana unguwar Nagamachi a cikin Kanazawa, babban birnin jihar Ishikawa, can ɓangaren da ke fuskantar Tekun Japan, ba ɓangaren Tokyo ba. Nagamachi unguwar samurai ce tun zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, kuma abin da ya sa har yau ake ganin lungunanta yadda suke shi ne ba a yi wa Kanazawa ruwan bama-bamai ba a yaƙin duniya na biyu, alhali garuruwa irin su Tokyo da Osaka da Nagoya sun ƙone ƙurmus. To shi ya sa za ka ga lunguna masu lanƙwasa, katangun ƙasa masu ruwan ɗorawa, da ruwa na gudu a gefen hanya. Yawancin gidajen unguwar akwai mutane a ciki suna rayuwarsu, ba na kallo ba ne, na Nomura shi ne wanda aka fi sani cikin waɗanda aka buɗe wa baƙi.

Samurai ɗin nan dai su ne masu takobi da muke gani a fim?

Su ne, amma kar ka ɗauka kullum cikin sara da suka suke. Barade ne na masu mulki, kuma bayan an daina yaƙe-yaƙe a farkon zamanin Edo yawancinsu ma'aikatan mulki suka koma, masu kula da haraji da shari'a da rumbuna, takobin na rataye ne a ƙugu amma alƙalami ne ke aiki. Mai gidan Kanazawa shi ne Maeda Toshiie, wanda ya shigo garin a 1583, zuriyarsa kuma ta riƙe ƙasar Kaga har zamanin ya ƙare. Cikin mutanen da suka biyo shi akwai Nomura Denbei Nobusada, shi ne tushen wannan gida.

Albashinsu ba da kuɗi ake ƙirgawa ba, da shinkafa ne. Ma'aunin sunansa koku, kusan lita 180 kenan, abin da ake ɗauka zai ci da mutum ɗaya shekara guda. An yanka wa Nomura koku 1,000, su kuwa Maeda ƙasarsu ta haura koku miliyan ɗaya, babu wani gidan sarauta da ya kai su arziki in ka cire gidan shogun kansa, wato shugaban sojan da ke mulkin Japan a lokacin. Ka ga kenan Nomura ba sarki ba ne, ba kuma ƙaramin dogari ba, babban bafade ne mai rufin asiri sosai, an ba shi fili mai faɗin sama da murabba'in mita 3,000.

To ginin da zan gani shi ne ainihin wanda samurai ɗin suka kwana a ciki?

A'a, kuma gara ka sani tun daga gida don kar wani ya cika ka da labari. Lokacin da gwamnatin Meiji ta zo a 1868 sai aka fara rushe tsarin gaba ɗaya, a 1871 aka soke ƙasashen sarakunan aka mayar da su jihohi, a 1876 aka hana yawo da takobi aka kuma yanke albashin shinkafar nan da aka gada kaka da kakanni. Mutumin da bai iya noma ba bai iya kasuwanci ba, rana ɗaya a ce masa babu albashi, me kake tsammani? Gidajen samurai da yawa suka talauce, suka dinga yanka filayensu suna sayarwa, na Nomura ma haka, aka rushe ginin, abin da ya rage sai wani ɓangare na katanga da ƙofa da tsoffin itatuwa da hanyar ruwan lambun.

Ɗakunan da ake shiga yanzu asalinsu na wani attajiri ne, Kubo Hikobei, daga gidan masu jiragen ruwa na fatauci da ke zirga-zirga tsakanin Osaka da Hokkaido ta gaɓar Tekun Japan, irin jiragen da ake kira kitamaebune. A farkon rabin ƙarni na 20 ne aka kwance wani sashe na gidansu da ke garin Hashidate, kudu da Kanazawa, aka ɗauko katako-katako aka sake haɗa shi a nan. Kar ka yi mamaki, ginin katako na Japan ana saƙa shi ne da gaɓoɓi, wannan ya shiga cikin wancan, ana iya kwance shi a kai wani gari. Sashen da aka kawo kuwa asali an gina shi ne don karɓar sarkin yankinsu in ya kawo ziyara, shi ya sa aka zuba masa dukiya haka.

Ni a ganina wannan bai rage wa wurin komai ba, ƙara masa ma ya yi. A tsarin Edo ɗan kasuwa shi ne a can ƙasa, samurai a sama, sai ga shi ƙarshe falon ɗan kasuwar ne aka dasa a kan filin baraden. Fili da lambu na masu takobi, ɗaki na mai kuɗi, kana zaune a wuri ɗaya kana ganin yadda zamani ya juya.

Ta ina ake bi a je?

Daga Tokyo jirgin ƙasa mai gudun nan za ka hau, Hokuriku Shinkansen, wanda ya iso Kanazawa a 2015. Mafi sauri a cikinsu sunansa Kagayaki, awa biyu da rabi ne kusan, kuma kujerunsa duk sai an kama tun kafin a shiga. In daga Kyoto ko Osaka kake, jirgin ƙasa na Thunderbird za ka hau zuwa garin Tsuruga ka sauya zuwa shinkansen, haka tsarin ya koma tun watan Maris na 2024. Ka sauka tashar Kanazawa, ka nemi bas mai zuwa Korinbo, minti goma ne haka, daga nan ka taka kamar minti biyar. Mai ƙafa kuma in jakarsa ba nauyi zai iya takawa tun daga tasha, bai kai rabin awa ba.

Babbar jaka dai kar ka ja ta zuwa can, akwai akwatunan ajiya na kuɗi a tasha, ka kulle ta ka tafi da hannu sake.

Nawa ne kuɗin shiga, ƙarfe nawa suke buɗewa?

A 'yan shekarun nan yen 550 ne babba, yara ƙasa da haka, shayi kuma kuɗinsa daban. Suna buɗewa 8:30 na safe, su rufe 5:30 na yamma daga Afrilu zuwa Satumba, daga Oktoba zuwa Maris kuma 4:30, kuma ana daina shigar da mutane rabin awa kafin rufewa. Wajen ƙarshen Disamba akwai ranakun hutu, to in lokacin za ka je ka duba shafinsu tukuna. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, ƙananan wurare a Japan ba duka ke son kati ba. Kuma ba a ba ma'aikaci na goro, in ka bar canji za su biyo ka da shi a guje suna zaton mantuwa ka yi.

Da gaske sai na cire takalmi?

Da gaske. Daga shiga akwai wuri mai daɓen dutse, daga nan sai ka hau katako, to iyakar kenan, takalmi ba ya hawa katakon. Abin da baƙi ke kuskurewa shi ne su cire takalmin su tsaya da safa a kan dutsen sannan su hau, a wurinsu ka riga ka kwaso datti kenan. Ka zare ƙafa daga takalmi ka ɗora ta kai tsaye a kan katako, sannan ka ɗauki takalmin ka sa a kan kantar ajiye takalma.

Ka sa safa mai tsabta wadda ba ta huje ba. Masu son yawo da silifa ko fade ba safa, ku jefa guda a jaka, don taka tatami da ƙafa tsirara mai gumi ba abin so ba ne a gidajen tarihi, ko ba a yi maka magana ba. Lokacin sanyi kuwa safa mai kauri, katakon nan sanyinsa har cikin ƙashi, gidan ba shi da abin ɗumama ɗaki irin na otal.

Mene ne tatami, kuma akwai dokar takawa?

Shimfiɗar ɗakin ce, tabarma ce mai kauri kamar santimita 5 zuwa 6, cikinta karan shinkafa da aka matse, samanta saƙar wata ciyawa da ake kira igusa, tsawonta wajen santimita 180 faɗi 90. Da ita ake auna ɗaki, za ka ji an ce ɗaki mai tatami shida ko takwas ko goma. Tana da wani ƙamshi na busasshiyar ciyawa da za ka ji tun daga bakin ƙofa.

Abu biyu ake kiyayewa. Kar ka taka bakin tabarmar inda aka ɗinka ƙyalle, ka tsallake shi, kar kuma ka taka dokin ƙofa inda ƙofofin ke zamewa, don in ya lotsa ƙofa ta daina tafiya. Sai kuma jingina, Malam kar ka jingina da komai, abin da kake gani kamar bango wata ƙila takarda ce a kan siraran katako, wasu kuma da zanen da ya haura shekara ɗari a jiki. Jakar goyo ka sauke ta ka riƙe a gaba, da ita ake yawan bugun abubuwa in an juya.

Na ga hotuna, ɗakunan wayam ba kujera ba gado. To me ake kallo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, amsar kuma ita ce ka zauna. Wallahi ka zauna a ƙasa. An gina ɗakunan nan ne don idon wanda ke zaune a kan tatami, tsayin tagogi da zanen ƙofofi da yadda lambu ke shigowa ido duk daga nan aka auna su, in kana tsaye kana zagayawa da waya a hannu minti goma ka gama ka fito kana cewa an cuce ka.

Daga shiga za ka ci karo da sulke da kwalkwali a cikin gilashi, wanda ake cewa Nomura Denbei ya sa a yaƙin Suemori a 1584. Ka wuce ciki zuwa babban ɗakin baƙi, Jodan-no-ma, ka ɗaga kai. Silin ɗin katakon hinoki ne an yi shi gida-gida murabba'i, an yi ado da katakai masu tsada irin baƙin katakon nan na kanya da jan katako da ake kawowa daga ƙasashen waje, ko kan ƙusa ba a bari a fili ba, kowanne an rufe shi da ɗan ado da aka sassaƙa. Hannun ƙofofin ma aikin maƙera ne na musamman. Zanen da ke jikin ƙofofin na Sasaki Senkei ne, mai zanen fadar Kaga wanda ya yi karatu a gidan zane na Kano, sunan wani gidan masu zane ne na Japan, ba ruwansa da Kanon Dabo. A ƙofofin takarda masu fuskantar lambu an saka gilashi, abin da a wancan zamanin sai wane da wane.

Akwai lungu a bango da ake kira tokonoma, ɗan ɗagagge, inda ake rataya rubutu ko zane a ajiye fure. Ba a hawa, ba a zama, ba a ajiye jaka a ciki. Babban baƙo shi ake zaunarwa ya ba wa lungun baya.

Wani ƙaramin abu da mutane ke wucewa ba su lura ba, akwai akwatin katako da ake saka kejin tsuntsu a ciki, tsuntsun uguisu mai daɗin kuka, don akwatin ya ƙara wa muryar amo mai gida na zaune yana saurare. Wannan kaɗai ya ishe ka gane irin mutanen da suka yi zama a ɗakin.

Daga can ciki kuma akwai ɗan ɗakin ajiye kayan tarihi, takubba da tsoffin kuɗi da wasiƙu. Ka nemi wasiƙar da wani sarkin yanki mai suna Asakura Yoshikage ya aiko wa wani ɗan gidan Nomura a 1566, godiya yake masa kan ya kashe wani babban mayaƙi ya kawo kansa. An rubuta ta cikin ladabi kamar ana godiyar tsaraba. Ka karanta ta sannan ka koma ka kalli lambun, don ka san zamanin ba shan shayi kaɗai ba ne.

Lambun fa? An ce ƙarami ne, anya ya kai a yi doguwar tafiya dominsa?

Ƙarami ne ƙwarai, in da za a bar ka ka ratsa shi ba za ka yi minti biyu ba. Amma ba don ratsawa aka yi shi ba, don kallo daga baranda ne, kuma gwanintar tana wajen yadda aka cusa abubuwa da yawa a ɗan wuri ba tare da ya zama tarkace ba. An yi shi hawa-hawa, ruwa na gangarowa daga sama ta kan duwatsu, ya lanƙwasa ya bi ta ƙarƙashin wata gada ta dutse guda, ya zo har gindin barandar da kake zaune, kifayen koi manya-manya ja da fari da ruwan zinariya suna wucewa dab da ƙafarka. Akwai fitilun dutse a warwatse, wata a bakin ruwa wata a ɓoye cikin ganye sai ka daɗe za ka hango ta, ga hasumiyar dutse mai hawa-hawa, ga gansakuka ta rufe duwatsu kore shar. Itatuwan baya an bar su sun yi tsayi sun rufe katanga da gidajen maƙwabta, sai idonka ya kasa gane inda lambun ya ƙare, ka ɗauka daji ne ya miƙe alhali bayan katangar titi ne.

Akwai itacen yamamomo da aka ce ya haura shekara 400, wanda ma ba kasafai yake jure sanyin wannan yankin ba. Ruwan kuma ba na famfo ba ne, daga hanyar ruwan Onosho ake jawo shi, wadda ta fi kowace tsufa a garin, ta cikinta aka dinga jigilar katako lokacin gina fadar Kanazawa, ita ce za ka gani tana gudu a gefen titi kafin ka shiga.

Wata mujallar Amurka da ta ƙware kan lambunan Japan ta sa shi na uku a ƙasar a 2003, littafin matafiya na Michelin kuma ya ba shi tauraro biyu a 2009. Ni dai ba lambar ce ta dame ni ba. Ka samu gefen baranda ka zauna minti ashirin, ka bar rukunin masu yawon buɗe ido su zo su wuce, tsakanin tafiyar wasu da zuwan wasu za ka samu wurin ya zama naka.

Zan iya sauka cikin lambun, ko in jefa wa kifin burodi?

A'a duka biyun. Gansakukar nan shekaru take ɗauka kafin ta kama, taku ɗaya ke lalata ta. Kifin kuma akwai masu ba su abinci.

Shayin da ake sha a sama, ya halatta? Me ke ciki?

Ana hawa ta wata matakalar dutse zuwa ɗakin shayi a bene, daga can kana kallon lambun ta sama, kamanninsa daban da na ƙasa. Shayin matcha ne, garin ganyen shayi kore da ruwan zafi, a kaɗa shi da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa, ba madara ba sukari ba komai. Yana da ɗaci, wanda ya saba da shayin mai shayi mai madara cokali uku zai ɗan yamutsa fuska a kurɓin farko. Shi ya sa ake haɗo shi da ɗan alawa, ka fara cin alawar sannan ka sha. Irin busasshiyar alawar da ake bayarwa da matcha galibi sukari ce da garin shinkafa, in kana da shakka ka tambaya ko ka bar ta, ba wanda zai ji haushi.

Ka karɓi kwanon da hannu biyu, ka ɗora a tafin hagu ka tallafe da dama, ka ɗan juya shi kafin ka kai baki don kar ka sha ta fuskar da aka yi wa ado. Ba cikakken bikin shayi ba ne mai awa da awanni, ba kuma wanda zai tsare ka da ido. Zaman durƙuso irin nasu in ya gagare ka ka tanƙwashe ƙafa, Hajiya kuma ta kwantar da ƙafafu gefe ɗaya, miƙe ƙafa dai zuwa ga mutane ko tokonoma shi ne ba a so.

Na ji akwai wurin bauta a cikin gidan. A matsayina na Musulmi ya zan yi?

Akwai ɗaki mai butsudan, wato akwatin ibadar addinin Buddha da iyali ke tunawa da magabatansu a gabansa, an yi masa ado da zinariya sosai, dama Kanazawa ita ce ke samar da kusan duk siraran ganyen zinariyar da ake yi a Japan. Ba a neman ka rusuna ko ka haɗa hannu ko ka ƙona turare, gidan tarihi ne ba wurin ibada da ke aiki ba, ka kalla ka wuce ko ka wuce ba ka kalla ba. Ɗan sunkuyar da kai da ma'aikata ke yi maka a ƙofa gaisuwa ce kawai, in ka ce arigato gozaimasu, wato na gode, da fara'a ya wadatar. Hijabi ko doguwar riga ko hula ba wanda zai hana ka, sai dai mai babbar riga ya tattare hannuwanta kar ta shafi ƙofofin takarda.

Sallah da abinci fa?

Babu wurin sallah a gidan, ka tsara lokacinka, otal ɗinka in a tsakiyar gari yake ba nisa. Akwai masallaci a Kanazawa can wajen jami'a, sai an hau bas. Abinci kuma garin kifi ne, kasuwar Omicho cike take da kifi da ƙaguwa da jatan lande, amma ka sani girkin Japan ana yawan zuba masa mirin da sake, duka giyar shinkafa ce, romon taliyarsu ta ramen kuma sau da yawa na alade ne ko da ba ka ga nama a kai ba. Ka sa a rubuta maka tambayar da Japananci a waya ka dinga nunawa.

Wane lokaci ya fi kyau a je?

Kowanne da nasa. Afrilu da Mayu ganye sabo, iska mai daɗi, sai dai ka guji ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, hutun ƙasa ne kowa na kan hanya. Yuni da Yuli ruwa, gansakuka ta fi kyau a lokacin. Agusta zafi da gumi mai naci. Nuwamba ganye ya koma ja da rawaya, mutane kuma sun yi yawa.

Ni kam hunturu na fi so wa wanda zai iya jure sanyi. Kanazawa na samun dusar ƙanƙara mai nauyi mai jiƙa, to daga farkon Disamba zuwa Maris sai a lulluɓe katangun ƙasar Nagamachi da tabarmin kara, don in ruwa ya shiga ƙasar ya daskare katanga fashewa take yi. Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram ya ga yadda ake yaɓe kafin damina zai gane wannan hidimar ba sai an yi masa bayani ba, ginin ƙasa duk inda yake sai da kulawar shekara-shekara. Itatuwa kuma ana kafa musu dogon sanda a saki igiyoyi daga sama a ɗaure rassan don kar nauyin ƙanƙara ya karya su, sunan abin yukitsuri, a babban lambun Kenrokuen ranar 1 ga Nuwamba ake fara ɗaurawa kowace shekara.

Ko yaushe ka je ka riƙe lema. Mutanen garin na da karin magana cewa ko ka manta abincin ranarka kar ka manta lema. Kuma ka je da sassafe suna buɗewa, ko dab da yamma, tsakar rana ɗakunan cika suke.

Zan iya zuwa da yara, ko da Baba da ƙafarsa ke ciwo?

Yara ana shiga da su, amma ka riƙe hannun ƙaramin, barandar ba ta da shinge kuma ruwa na ƙasa, ga ƙofar takarda da ke kiran yatsa. Baba zai iya ganin ɗakunan ƙasa da lambun in an tallafa masa wajen hawa daga bakin ƙofa, ɗakin shayin sama ne zai yi masa wuya saboda matakalar. Keken guragu ko na jarirai ba ya hawa tatami.

Ana ɗaukar hoto?

Ana ɗauka, kowa ma ɗauka yake. Ka kashe filasha saboda zanen, ka bar sandar selfi da ƙafar kamara a jaka, in ka ga alamar hani a wani wuri ka bi. Kar ka tare bakin baranda kana sauya tsayuwa mutane na jira a bayanka, kuma in za ka yi bidiyo kana bayani ka sassauta murya. Kiran gida a WhatsApp kuwa ka bari sai ka fito, dama Japan na gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, ƙarfe goman safiyarka biyun dare ne a gida.

Ba na jin Japananci, zan gane wani abu?

Akwai bayanai da Turanci a jikin kayan, ba masu yawa ba amma sun isa. Sauran kuma waya za ta fassara maka in ka haska rubutun.

Me kuma zan haɗa da shi a ranar?

Kar ka bar unguwar ba ka leƙa Ashigaru Shiryokan ba, tafiyar 'yan mintuna ce kuma kyauta ne. Gidaje biyu ne na ƙananan sojojin ƙafa, na iyalan Takanishi da Shimizu, ɗakuna 'yan ƙanana, katako ba ado, ɗan fili a gefe da suke shuka abin miya da itatuwan marmari. Ka fito daga ɗaki mai silin hinoki ka shiga wannan, nan za ka ga tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa a cikin samurai ɗin kansu. Akwai kuma ragowar gidan Takada mai doguwar ƙofa da bargar dawaki da ɗakin barori, shi ma kyauta.

Daga nan Kenrokuen da filin fadar Kanazawa duk ana takawa. Kenrokuen lambun sarakunan Maeda ne da aka buɗe wa jama'a a 1874, ƙato ne, shi kam zagayawa ake yi da ƙafa, ka ba shi awa biyu. Shawarata ka fara da Nomura da safe kana da natsuwa, Kenrokuen ya biyo baya.

Maganar biza fa?

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai da biza. Ofishin jakadancin Japan a Najeriya yana Abuja, na Ghana yana Accra, kuma za su nemi tsarin tafiyarka rana-rana da inda za ka kwana da shaidar kuɗin banki, to in Kanazawa na cikin shirinka ka rubuta ta a takardar tun farko. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai an yada zango a Addis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul. In hali ya yi ka kwana ɗaya a Kanazawa maimakon ka je ka dawo Tokyo a rana guda, kuɗin shinkansen zuwa da dawowa ya yi yawa a ce awa huɗu kawai ka yi a garin.